Kifin kwali: daga wane ruwa yake fitowa, kuma wa ke tsaron ruwan?

Duk mai shiga kasuwa a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san kifi iri biyu ne a kan tebur. Akwai namu na gida, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa na kogin Isa ko na tabkunan Madarunfa da Tabalak, da kuma bandar da ke fitowa daga jihar Diffa. Sai kuma na kwali, wato kifin ƙanƙara, wanda manyan motoci masu firigo ke saukewa, a jiƙa shi ya saki, uwayenmu mata su yanka su soya da maraice a bakin titi. Shi ne kifin talaka. Da shi mai tuwo-tuwo ke gyara miya, da shi mai shinkafa da wake ke jawo masu saye, kuma ribar da ake samu a kansa ce ke biyan kuɗin haya da na makarantar yara a gidaje da dama.

To amma kukan da ake ji a bakin masu wannan sana'a ɗaya ne: kwali ya yi tsada, kifin da ke ciki kuma ya ƙanƙance. Dalilin farko kowa ya san shi, hanya ce. Da aka rufe iyakarmu da Benin a shekarar 2023, kayan da suka saba shigowa ta Kwatano da Gaya sai da suka zagaya ta Lome da Burkina Faso, kuma duk kwanan da mota ta ƙara a hanya, mai saye ne ke biya. Wannan ya bayyana tsada. Ƙanƙancewar kifin kuwa babu ruwanta da duwan ko direba. Dalilinta yana can cikin teku, inda yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa ba, kuma can ɗin muke so mu kai masu karatu yau.

Mu fara da kwalin kansa. In kun duba gefensa, galibi za ku ga an rubuta FAO sannan wata lamba. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta raba tekunan duniya gida-gida, kowane da lambarsa. In kun ga 34, kifin daga gaɓar yammacin Afirka ya fito, tun daga Maroko har bakin kogin Kongo. In 47 ce, daga wajen Angola da Namibiya ne. In kuwa 27 ce, daga tekun Turai. Lamba 34 ita ce ta maƙwabtanmu, ita ce kuma abin maganarmu.

Kifin da ba ya riƙe da fasfo

Gaɓar da ta taso daga kudancin Maroko ta bi Muritaniya, Senegal da Gambiya har Gine Bisau tana cikin wuraren da suka fi albarkar kifi a duniya. Dalili shi ne iska. Iskar arewa tana ture ruwan sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ɗauke da taki, kamar dai yadda ambaliya ke barin laka mai kyau a fadama. A kan wannan taki ƙananan halittun ruwa ke tsirowa, su kuma ƙananan kifaye masu tafiya garke-garke ke ci: sardin, shinshar, makaro, da sardinel wanda mutanen Senegal ke kira yaboy. Manyan kifaye da tsuntsayen teku su kuma a kan waɗannan ƙanana suke rayuwa.

Shi yaboy makiyayi ne. Yana bin sanyin ruwa da abinci kamar yadda Bafulatani ke bin ciyawa, wani lokaci na shekara yana ruwan Senegal da Gambiya, wani lokaci ya haura Muritaniya har kudancin Maroko. Garke ɗaya ne, amma ƙasashe huɗu ko biyar ne ke jefa masa taru, kowace da dokarta, kowace da ministanta mai ba da lasisi.

A nan matsalar take. Babbar dokar teku ta duniya, wadda aka sa wa hannu a ƙasar Jamaika a 1982, ta kuma fara aiki a 1994, ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓa ikon dukiyar ruwa har nisan mil 200 na teku, kimanin kilomita 370 ke nan. Wannan babban ci gaba ne, domin kafin nan jiragen manyan ƙasashe suna zuwa har kusa da gaɓa su kwashe abin da suka ga dama. Sai dai dokar ta shata wa ruwa iyaka, kifi kuwa bai san da ita ba. Waɗanda suka rubuta dokar sun hango haka, shi ya sa suka ce ƙasashen da suka haɗa garke ɗaya su nemi daidaitawa a tsakaninsu. Su nema, aka ce. Ba a faɗi abin da zai samu wanda ya ƙi ba.

Ƙungiyoyi kam akwai su. A 1985 aka kafa hukumar kamun kifi ta yankin, CSRP, mai cibiya a Dakar, wadda ta haɗa ƙasashe bakwai: Muritaniya, Senegal, Gambiya, Kap Ber, Gine Bisau, Gine da Saliyo. Tana da yarjejeniya tun 1993, wadda aka sabunta a 2012, a kan ƙa'idojin da kowane jirgi zai cika kafin a ba shi izini. Akwai kuma kwamitin FAO mai suna COPACE, wanda tun 1967 yake tara masana su auna yawan kifi. Shekara da shekaru masanan nan suna faɗin magana ɗaya: ana kama sardinel fiye da yadda yake haihuwa, a rage kamun da aƙalla rabi. To amma COPACE shawara kawai yake bayarwa. Ita kuma CSRP, Maroko ba ta cikinta, alhali garken yana kaiwa can. Babu wani zaure da ke da ikon cewa bana tan kaza za a kama gaba ɗaya, ga rabon wance, ga rabon wance, wanda ya wuce a hukunta shi. Ƴan kasuwa sun fi kowa gane wannan: adashin da babu uwar adashi, kowa zai so ya fara kwasa.

A 2013 ƙasashen CSRP suka kai tambaya gaban kotun duniya ta dokar teku da ke Hambug a Jamus. Ranar 2 ga Afrilun 2015 kotun ta amsa cewa ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta dole ta sa ido a kansa, ba za ta ce ba ta san abin da yake yi a ruwan mutane ba. Ta kuma ce ƙasashen da suka haɗa garke wajibi ne su haɗa kai wajen tattalinsa. Magana ce mai nauyi, kuma abin yabo ne ƙasashen Afirka suka nemo ta. Amma fatawa ce. Kotu ba ta da jirgin sintiri ko ɗaya.

Abincin mutane ya koma abincin dabbobi

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne masana'antun garin kifi. Daga wajen 2010 suka yi ta tsirowa a Nuwadibu, babbar tashar kifi ta Muritaniya, har suka haura talatin a ƙasar, da jarin ƴan Sin, Turkiyya da wasu ƙasashe. Senegal na da nata, ƙaramar Gambiya ma tana da uku, a Gunjur, Kartong da Sanyang. Aikinsu shi ne su sayi ɗanyen kifi, su dafa, su matse mansa, su busar da sauran su niƙa ya zama gari. Sai an zuba kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye kafin a samu kilo ɗaya na gari. Garin da man ana loda su zuwa Sin, Turkiyya da Turai, inda ake ciyar da kaji, aladu da kifin kiwo da su.

Da farko an ce ƙashi da kai da hanjin da aka zubar za su riƙa niƙawa. Amma injin da ke cin ɗaruruwan tan a rana ba ya ƙoshi da hanji. Lafiyayyen yaboy, wanda mace za ta soya ta ciyar da gida, shi ake juyewa a ciki. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa sama da tan dubu 500 na ƙananan kifaye ne ake niƙawa kowace shekara a yankin, abin da zai isa ya ciyar da mutum miliyan 33. Ku kwatanta da yawan jama'ar Nijar, za ku ga ya zarce mu gaba ɗaya.

Waɗanda suka fara ji a jikinsu mata ne irinku. A Jowal da Mbur da Kayar na ƙasar Senegal, dubban mata ne ke sana'ar banda da busar da yaboy. Suna jiran kwalekwale a bakin ruwa, su saya, su ƙyafe shi a kan dogayen murafu, su ɓare, su zuba gishiri su shanya. Abin da suka sarrafa yana shiga buhu ya tafi ƙauyukan Senegal, ya tafi Mali, Gine da Burkina Faso, inda babu firigo kuma babu kuɗin nama. Yanzu in kwalekwale ya iso, wakilin masana'anta na tsaye da kuɗi a hannu, zai sayi lodin dukansa, manya da ƙanana, sabo da wanda ya fara lalacewa. Masunci kuma yana da bashin mai a wuyansa, wa zai sayar wa? Macen da jarinta bai wuce na kwando biyar ba sai ta koma gida da kwandunanta. Ba mu ga laifin masuncin ba. Laifin yana wurin wanda ya sa hannu a takardar izinin gina masana'anta ba tare da ya tambayi ko ruwan zai iya ɗauka ba.

Muritaniya ta fitar da dokoki na taƙaita irin kifin da za a niƙa da yawansa, tana matsa wa masana'antu su koma daskarar da kifi domin cin mutane. In an bi su, mu ma za mu amfana, domin kifin da aka daskarar shi ne ke shiga kwali. Sai dai ko Muritaniya ta tsananta, jirgin da aka hana a Nuwadibu yana iya gangarawa kudu ya jira garken a ruwan maƙwabta. Doka a ƙasa ɗaya kamar toshe ɓaraka ɗaya ce a tulun da ya tsage wuri uku.

Kuma in kifi ya yi ƙaranci, zumunci ma yana taɓuwa. Masuntan unguwar Get Ndar a birnin Sen Luwi na Senegal, tun kakanninsu suke bin kifi zuwa ruwan Muritaniya, wanda ke nan kusa da su. Da yarjejeniyar ƙasashen biyu ta ƙare ba a sabunta ba, sai shiga ruwan ya zama laifi. A watan Janairun 2018 masu tsaron gaɓar Muritaniya suka harbe wani matashin masunci, gari ya hargitse, aka far wa shagunan ƴan Muritaniya da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Lura da wannan, ƴan kasuwa: rikici a kan ruwa, amma mai shago ne ya biya. A cikin shekarar aka sake sa hannu a kan izinin kwalekwale 400 da tan dubu 50 a shekara. Da yawa daga samarin garuruwan nan kuma, da su ya daina biyan bukata, kwalekwalen da suke kamun kifi da shi ne suke shiga su nufi tsibiran Kanari na Sifen, wasu su isa, wasu teku ta cinye su.

Abin da sarkin ruwa ya sani tun da

Masana suna da wani tsari da suke ta wa'azinsa tun taron da aka yi a Rekjabik na ƙasar Aislan a 2001, wato a daina kallon kifi shi kaɗai ana ƙirga tan nawa aka kama, a dubi ruwan dukansa da abin da ke rayuwa a ciki da wanda ke ci daga gare shi. Inda kifi ke zuba ƙwai, abin da yake ci, abin da ke cinsa, dajin bakin teku da ƴaƴansa ke ɓuya a saiwoyinsa, dattin da masana'anta ke zubarwa, ɗumamar ruwa da ke tura garke arewa, har da macen da ke banda da yaron da ke cin miyar. Wani jirgin bincike mai suna Dr Fridtjof Nansen, na ƙasar Norwe da FAO, yana zagaya gaɓar Afirka tun 1975, yana auna ruwa da kifi tare da masanan ƙasashen, domin a samu alƙaluman da kowa ya yarda da su.

Sunan ne sabo. Duk wanda ya tashi kusa da tabki a ƙasar Hausa ya san sarkin ruwa yana rufe ruwa, babu mai jefa koma sai ranar da aka buɗe, kuma wanda aka kama da taru mai ƙananan idanu, ko da gidan sauro yana tace ƴaƴan kifi, ya san abin da zai biyo baya. Bambancin shi ne sarkin ruwa tabki ɗaya yake tsaro kuma ya san kowa da sunan ubansa. A teku kuwa mai laifin yana iya zama jirgi mai tutar wata ƙasa, mai shi yana wata ƙasar, ma'aikatansa daga ta uku.

Inda aka gwada tsarin da gaske ya nuna amfaninsa. A Muritaniya akwai gandun ruwa na Bank Dargen da aka keɓe a 1976, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita dubu 12, wurin da ruwa ba shi da zurfi, ciyawar teku ta yi shimfiɗa, kifaye iri-iri ke renon ƴaƴansu. An hana jirgi mai inji kamun kifi a ciki. Mutanen wurin kaɗai, Imragen, aka bar wa su, su ma da jiragen da iska ke turawa. Kifin da ya girma a nan shi ke fita ya cika tarun wasu a waje. Senegal ma ta keɓe wurare biyar a 2004, har da Jowal da Kayar, inda masunta da kansu ke cikin kwamitin tsaro.

Hutun ruwa a Gana da Kot Dibuwar

Mu gangaro kudu, gaɓar da ta fi kusa da mu, inda tashoshin Kwatano, Lome, Tema da Abijan suke. Can ma akwai sardinel, garke ne dabam da na Senegal, kuma shi ma ya ragu ƙwarai. Ƙasashe shida, Laberiya, Kot Dibuwar, Gana, Togo, Benin da Najeriya, sun kafa nasu kwamitin, CPCO, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Kwatano a 2007, cibiyarsa tana Tema.

Gana ta sha fama da wata sana'a da ake kira saiko: manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, waɗanda lasisinsu na kifin ƙasa ne, sai su kwashe ƙananan kifayen da ke rabon masu kwalekwale, su daskarar da su fale-fale kamar bulo, su sayar a tsakiyar teku da dare. Wata ƙungiya mai bincike, EJF, ta ƙiyasta abin da aka sauke ta wannan hanya a 2017 da kimanin tan dubu 100, kuma mafi yawansa ƴaƴan kifi ne da ba su kai haihuwa ba. Tarayyar Turai ta ɗaga wa Gana katin gargaɗi a 2013, ta sake ɗaga mata a 2021.

Maganin da Gana ta gwada shi ne na sarkin ruwa: rufe teku a lokacin da kifi ke ƙwai. A 2018 aka so farawa da kowa da kowa, masunta suka yi bore aka ɗage. A 2019 aka rufe wa masu kwalekwale wata ɗaya, daga 2021 kuma aka tsayar da watan Yuli gare su, manyan jirage su kuma Yuli da Agusta. Nan take masuntan Gana suka yi tambayar da ta dace: mu mun ajiye taru, na Kot Dibuwar da Togo suna kama kifin nan ɗaya, wa muke yi wa tattali? Amsar ta zo a 2023, lokacin da Kot Dibuwar ta rufe nata ruwan a watanni ɗaya da Gana. A ganinmu wannan shi ne haɗin kai mafi ma'ana da aka yi a yankin, domin ba a otal aka yi shi ba, a bakin ruwa aka gan shi. Sai dai wata guda babu su, wata guda ne babu cefane a gidan masunci da na mai banda, kuma buhun shinkafa da man girkin da gwamnati ke rabawa ba su kai ko'ina ba. A 2025 sabuwar gwamnatin Gana ta cire masu kwalekwale daga hutun, ta bar shi a kan manyan jirage, sannan ta yi sabuwar dokar da ta ture jiragen daga mil 6 zuwa mil 12 daga gaɓa. Masunta sun yi murna, masana da dama kuwa sun ce an koma baya.

Akwai kuma yarjejeniyar tashoshin jiragen ruwa ta FAO, wadda ta fara aiki a 2016, Senegal, Muritaniya, Gana da Togo duk suna ciki. Hikimarta irin ta kasuwar dabbobi ce: in ba ka iya bin ɓarawo cikin daji ba, ka tsare shi a inda zai sayar. Jirgin da ba shi da takardun da ke nuna inda ya kama kifinsa, a hana shi saukewa. Amma sai duk tashoshin sun riƙe wuta ɗaya, in ɗaya ta yi sako-sako can kowa zai nufa.

Ina Nijar a cikin wannan?

Ba baƙon abu ba ne gare mu. Tabkin Cadi ruwa ɗaya ne na ƙasashe huɗu, da hukumarsa tun 1964, kuma masu sayar da banda ba su manta da shekarun da aka hana kamun kifi da cinikinsa a Diffa ba, daga 2015, saboda Boko Haram. Sun ga yadda abin da ya faru a ruwa mai nisan ɗaruruwan kilomita ya kashe tebur a Damagaram da Maraɗi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Nijar ma ta amince da dokar teku ta 1982, a shekarar 2013. Dokar ta bai wa ƙasashen da ba su da gaɓa haƙƙin wucewa da kayansu ta ƙasar maƙwabta zuwa teku, ta kuma ba su haƙƙin samun rabo a cikin rarar kifin yankinsu, wato abin da mai ruwan bai iya kamawa ba, in an zauna an daidaita. Rara ke nan. Garken da masana suka ce a rage kamunsa da rabi ba shi da rarar da za a ba wani. Kuma a CSRP da CPCO kujerun na masu gaɓa ne kawai. Ƙasashen da ke cin kifin daga nesa, mu da Mali da Burkina Faso, ba mu da wakili a wurin da ake yanke ko yaboy zai shiga kwali ko zai shiga injin niƙa.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa kaɗan ne, amma akwai shi. Manyan masu shigo da kaya, waɗanda ke yin odar kwantena, suna iya tambayar takardar asalin kifi da girmansa kafin su biya. Mai sari kuma, in an buɗe kwali ta ga kifi bai wuce tsawon yatsa ba, ta san ɗan da bai haihu ba ne aka kamo, kuma ko a riba ba ya da auki: kai da ƙaya ne, yana shan mai, mai saye kuma yana rainawa. Ta duba lambar da ke gefen kwalin, ta faɗa wa dillalinta cewa wancan karon mai girma take so.